Matar da Ta Buga Mini Littafin Farko

Littafina na farko da biro na rubuta shi, a cikin litattafan rubutu na 'yan makaranta guda shida, lokacin ina koyarwa a firamare a Karaye ta wajen Maiyama. Labarin wani manomin albasa ne da iyalinsa, tun daga shekarar da ya samu har zuwa shekarar da ruwa ya cinye masa fadama. Shekara biyu na yi ina rubuta shi, yawanci bayan la'asar, a kan benci a gindin dogonyaron makaranta. Da na gama na kai wa wani mai ɗab'i a Sakkwato. Ya buɗe na farko, ya buɗe na ƙarshe, ya yaba kyan rubutun hannuna, sannan ya haɗa su ya miƙo mini. Ya ce in je a buga a tafireta tukuna, shi ba ya karɓar rubutun hannu ko na wane ne.

Ban taɓa ɗora yatsa a kan tafireta ba a lokacin. Hedimastanmu ne ya ce akwai wata mata a Maiyama da ke buga takardu a wani ofishin gwamnati, kuma tana da tata tafiretar a gida. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna, aiki ya kawo ta ita da mijinta tun suna da ƙuruciya. Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka na kira ta har muka rabu.

Ranar Asabar na hau keke na je. Na same ta a barandar gidanta tana tsince shinkafa. Za ta kai shekara hamsin, gajera, da tabarau rataye a wuya. Ta wanke hannu, ta karɓi litattafan, ta duba yawan shafukan kamar mai duba buhu kafin ta ɗauka.

"Malam, duk kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"To. Babi ɗaya a mako zan iya. Ka riƙa zuwa ranar Asabar kana karɓa."

Haka muka yi. Na kan iso da hantsi in same ta ta fito da teburi baranda. Ba ta kallon madannai ko kaɗan. Idonta yana kan littafina, yatsunta goma suna tafiya su kaɗai, ƙararrawar injin ta buga a ƙarshen layi, ta ture shi da hannun hagu ba tare da ta ɗaga kai ba. Tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya suke fitowa. Aikina shi ne in zauna a kan tabarma da baƙin biro in bi kowane shafi ina sa wa haruffan ƙugiyarsu, a na sama da kuma na kabon da ke ƙasa. Ta kan gama shafi uku ban gama ɗaya ba.

A babin farko na tarar ta canza mini maganar mutanena. Manomin nan na sa shi yana magana kamar yadda ake yi a wurinmu. Inda ya ce wa direba, "Mi kaka so in yi maka? Albasag ga ta ruɓe tun ba mu kai Jega ba," sai na ga an buga, "Me kake so in yi maka? Albasar nan ta ruɓe." Duk inda na rubuta "munka tahi" ya koma "muka tafi". Na ɗauki shafukan na koma gida ban ce komai ba, domin ta girme ni, kuma taimakona take yi. Mako guda ina juya abin. Asabar ta gaba na faɗa mata.

Ta sa tabarau ta duba. "Na ɗauka kuskure ne. Haka aka koya mana rubuta Hausa a makaranta."

"Haka nake koya wa yara ni ma, Madam. Amma shi wannan mutumin bai shiga aji ba."

"Shekara nawa ina jin ana magana haka a kasuwa," in ji ta, "ban taɓa ganin an rubuta ba."

Ta sake buga babin gaba ɗaya, ba ta nuna ɓacin rai ba. Sai dai saurinta ya ragu a duk inda mutanen ƙauye ke magana, domin yatsunta sun saba da wata Hausar. Ina ji daga kan tabarma: injin ya yi ta gudu, sai ya koma ɗaya bayan ɗaya, in san manomina ya buɗe baki.

Na taɓa tambayarta yadda ta ga labarin. Ta ce ita ba ta karantawa. Rubutu daga ido yake wucewa zuwa yatsu, ba ya biyawa ta kai; in da tana karanta duk takardar da ta buga a ofis, da kanta ya daɗe da fashewa. Na yarda da ita, ban kuma ji daɗi ba, domin a lokacin ba wanda ya taɓa karanta littafin sai ni.

A babi na tara 'yar manomin ta rasu. Sanƙarau ne ya kama ta a tsakiyar bazara, kwana uku ta yi. Na rubuta wa uwar shafi biyu cur na kuka da sambatu, tana kiran sunan yarinyar, tana lissafa abubuwan da ba za ta gani ba. Ina alfahari da shafukan nan. Na sha karanta wa kaina su da ƙarfi a aji bayan yara sun tashi.

Da na je karɓar babin, teburin yana ɗaki. Madam ta ce ba ta samu zama ba, in dawo. Na dawo mako na gaba, ta ba ni babin a cikin ambulan. Na zauna sa ƙugiya, sai na ga daga shafin rasuwar an tsallake zuwa ranar sadakar uku. Shafi biyun nan babu su.

"Madam, kamar an tsallake wani wuri."

"Na sani."

Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana yankan kuɓewa. Ba ta daina ba.

"Ɗanmu na biyu shi ma wannan ciwon ne ya ɗauke shi," in ji ta. "A nan garin, shekararmu ta huɗu da zuwa. Yana da shekara shida." Ta kwashe kuɓewar ta zuba a kwano. "Malam, uwa ba ta yin wannan dogon jawabin. Ni ranar ban ce komai ba. Da aka fita da shi na tashi na wanke tukwane. Duk tukwanen gidan nan na wanke, har waɗanda ba a dafa komai a ciki ba. Maƙwabciyata ce ta zo ta ƙwace soson daga hannuna."

Na yi mata ta'aziyya, ko da yake abin ya fi shekara ashirin da faruwa. Ta amsa.

"In kana son a buga yadda ka rubuta, zan buga," in ji ta. "Littafinka ne. Na fara sau biyu ne hannuna ya ƙi."

Na ce ta bari tukuna. A hanyar komawa Karaye raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Ina ganin aikinta bugawa ne, ba gyara ba. Ni a lokacin ko aure ban yi ba, ban kuma taɓa zama a cikin gida wurin mata ranar rasuwa ba. Kullum a waje nake tare da maza. Bayan kwana biyu na tambayi innata, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta binne 'ya'ya uku, abin da ta yi ranar na farkon. Ta ce ita dai ta tuna tana ta neman murfin wata langa, ta hana kowa sakat sai an gano shi.

Na soke shafi biyun. Na rubuta layi biyar a madadinsu: uwar ta fita bayan ɗaki ta kwance akuya ta sake ɗaure ta, ta kuma kwancewa ta sake ɗaurewa. Madam ta buga, ba ta ce ya yi ko bai yi ba. Muka ci gaba har babi na goma sha huɗu, ba ta sake tsallake ko kalma ɗaya ba, ba ta kuma sake ba da ra'ayi ba.

Kafin littafin ya fito ta yi ritaya, suka kwashe kaya suka koma garinsu. Na aika mata kwafi ɗaya ta hannun wani ɗan cocinsu. Ya ce ya isa. Bayan wasu shekaru shi ɗin ne ya tare ni a tasha ya gaya mini ta rasu. Littafin bai yi wani nisa ba; an karanta shi a makarantu kaɗan, sannan ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba.

Na daɗe ban sake rubuta wani dogon abu ba. Aure ya zo, yara suka zo, aka mayar da ni Jega. Lokacin da na dawo kan rubutu tafireta ta ɓace, kwamfuta ta maye gurbinta. Ina da shekara hamsin da ɗoriya na shiga wani ajin koyon kwamfuta na ƙarshen mako a Aliero. Malamin ajin sa'an ƙanena ne, mai haƙuri, kuma da ya ji ina rubuta littafi sai ya ba ni kulawa ta musamman. Ra'ayinsa shi ne marubuci dole ya iya bugu da yatsu goma, domin tunani yana gudu, in hannu bai bi shi ba sai ya tsere.

"Malam, sau nawa magana mai kyau ta zo maka ta wuce kafin ka rubuta?" ya tambaye ni.

Na yi tunani da gaske kafin in ba shi amsa. Na ce ba na jin ta taɓa faruwa. Ni tunanina ba ya gudu. Jimla ɗaya na kan juya ta a baki tun daga gida har makaranta.

Bai yarda ba, ya ce ban lura ba ne. Ya rufe mini hannu da kwali don kada in kalli madannai. Wata biyu na yi ina fama. Yatsun da suka saba da alli da fartanya ba sa rabuwa da juna. In na aiki ƙaramin, na kusa da shi sai ya bi shi. A ƙarshe ya ɗauke kwalin da kansa. Na fita daga ajin da yatsa biyu, manuni na dama da na hagu, da babban yatsa don tazara. Da su na buga littafina na biyu da na uku, ina kallon madannai kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Kowannensu shekara biyu ya ɗauke ni, daidai da wanda na rubuta da biro.

Abin da ya canza kaɗan ne. A takarda, jimlar da na soke tana nan a ƙarƙashin layin, ina iya komawa in ga ko ta fi sabuwar. A kwamfuta in na goge ta tafi. Sannan rubutu yana fitowa tsaf tun daga farko, layi a miƙe, har mutum ya ɗauka ya gama alhali bai fara ba. Saboda haka har yanzu wurare masu wuya na kan fara su da biro.

A bara aka gayyace ni wani zaman matasa marubuta a wani ajin sakandare a Jega. Yawancinsu mata ne, kuma duk a waya suke rubutu, suna sakin babi kullum ga masu bin su. Bayan an tashi wata ta tsaya, matar aure mai goyo, daga Fagada take zuwa. Ta ce mijinta ya yi mata alkawarin kwamfuta, amma an ce mata sai ta shiga ajin koyon bugu kafin ta zama marubuciya ta gaske.

"Baba, dole ne?"

Na ce ban sani ba, ta nuna mini yadda take yi. Ta gyara goyo, ta riƙe wayar da hannu biyu, manyan yatsunta suka kama aiki. Kafin in gama goge tabarau ta cika fuskar wayar sau biyu. Ta miƙo mini. Labarin wata mata ce da ke jiran motar kasuwa da buhun barkono. Na karanta a hankali, ita tana jijjiga yaron.

Na nuna mata jimla biyu, na ce waɗannan sun yi. Ɗaya ita ce inda matar ta zauna a kan buhun don kada a san nata ne a fara taya shi da arha.

"Sauran fa?"

"Sauran kin san su tun kafin ki rubuta. Kowa ma ya san su."

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni me ya bambanta biyun nan da sauran, na yi ƙoƙarin bayani, ban tabbata na iya ba. Muna cikin haka mai babur ɗin da ke jiranta ya yi oda a bakin ƙofa. Ta sa wayar a jaka, ta ce za ta shiga ajin duk da haka, tunda kusa da gidan yayarta yake. Na ce hakan ma ya yi, na kuma ce ta gaida mutanen gida.