Habsu Polis da Motar Surukinta

Duk wanda ya saba fita daga Gure ta hanyar Damagaram ya san Habsu Polis. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, hularta kullum a karkace saboda kitso. Ba ta da fara'a, ba ta kuma zagi. Idan ta ɗaga hannu, mota tsayawa take yi.

A Kelle aka haife ta, gidan manomi mai 'yan awaki. Ubanta Burahima bai sa ta lekol, wato makaranta, don son boko ba. Cewa aka yi kowane gida ya ba da yaro, shi kuma yana buƙatar mazan a gona, sai ya miƙa ta. Ta yi ta cin jarrabawa har ta gama koleji a Gure. Da ta ji a rediyo ana ɗaukar polis har da mata, uwarta ta yi kuka saboda wando. Uban ya ce wanda ya iya hana awaki shiga gonar mutane zai iya tare mota. Ta tafi Yamai ta yi horo, aka yi ta yawo da ita gari gari, kafin a maido ta gida a ajiye ta a shingen bakin gari. Shingen ba wani abu ba ne illa igiya mai tsummoki tsakanin ganguna biyu, da rumfar zana a gefe.

A nan ta auri Tanimu, malamin lekol, mutum mai sanyin hali. Ubansa Aisami tsohon direba ne, mai wata a-kori-kura da ta girmi Tanimu, wadda yake kai mutane da kaya kasuwar Gidigir da ita. Da farko bai so auren ba. Ya ce bai ga yadda mace mai busa usur za ta san girman suruki ba. Habsu ta ba shi mamaki. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ko yaron maƙwabta mai wannan suna sai dai ta ce mai sunan Baba. In suka yi kiciɓis a lungu, takan tuɓe takalmi ta durƙusa, ido a ƙasa. Kullum da magariba akushin tuwonta na isa gidansa, har ya zama ba ya cin na kowa sai ya fara taɓa nata.

Kunyar nan ce ta jawo abin da ya faru. Duk ranar kasuwa, da ta hango motar surukinta ta doso shinge, sai ta zagaya bayan rumfa har ya wuce. A ganinta bai dace ta tsaya ƙerere cikin wando, da usur a wuya, uban mijinta yana kallo ba. Ba ta taɓa tambayar abin da ake yi a bakin igiya in ta ɓuya ba.

Ɗan Kasuwa ne ya gaya mata. Direban bas ne mai baki kamar reza. Ta tsayar da shi wata safiya saboda tayarsa ta suɗe, ya leƙo ta taga ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Laifina ɗaya ne, ban haifi ɗa namiji da ya isa aure ba. Da na ba ki shi, ni ma in huta kamar Aisami."

Fasinjoji suka fashe da dariya. Habsu ta gama aikinta da shi, sannan ta kira Hassane, abokin aikinta, Bazabarme da aka turo daga yamma.

"Me mutumin nan yake nufi?"

Hassane ya sosa ƙeya. "Wallahi tun da kika yi aure ba wanda ya nemi takardar Baba. Mun ga kina gudu bayan rumfa, muka ce ba ki son a taɓa shi. Igiya kawai muke saukewa."

Ashe duk tasha an sani. Ashe lodin Aisami ya yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara, kuma da sunanta yake wucewa. Ita tana ganin ladabi take yi, su kuwa sun ɗauka umurni ne.

Ranar kasuwar Gidigir da ta biyo baya, Habsu ba ta zagaya ko'ina ba. Motar ta taho a karkace kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. An labta buhunan hatsi da kanwa sun fi ɗaki tsawo, mutane sun hau bisa, mata da goyo ƙafafunsu na lilo a iska. Hassane ya kai hannu ga igiya, ta ce masa ya bar ta. Ta fito tsakiyar kwalta ta ɗaga hannu. Aisami ya yi ta taka burki, motar ba ta tsaya ba sai da hancinta ya ja igiyar har ganga ɗaya ta faɗi.

Habsu ta zo gefen ƙofarsa. Da kakinta da komai ta durƙusa a kan kwalta, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya," in ji shi, yana duban gabansa.

Ba ta iya ce masa komai bayan gaisuwa, don haka ta juya ga abokin aikinta. "Hassane, ka ce wa Baba ya ba da takardun mota."

"Ka ce mata a gida na baro su," in ji Aisami. "Ta san gidan."

"Ka ce wa Baba mutanen da ke bisa su sauko. Tayar gaba zare ya fito, burki kuma kowa ya gani."

"Ka tambaye ta, ranar da na fara bin wannan hanya, an yi bikin uwarta?"

"Ka ce wa Baba ba a yi ba. Baba ya fi kowa sanin hanya. Tayar ce ba ta san ta ba."

Hassane ya share gumi da hularsa. "Ku biyun nan duk kun fi ni jin Hausa. Don Allah me na yi muku?"

Ba wanda ya yi dariya sai wata tsohuwa a bisa buhuna, ita ma ta yi maza ta rufe baki. Sauran fasinjoji suka kama gunaguni, kasuwa za ta ci ba su. Wani ya ce wannan 'yar ba ta da albarka. Habsu dai ba ta tashi daga durƙuson ba. Can Aisami ya buɗe ƙofa ya sauko, ya jefa makulli a ƙasa gabanta. Ta sa hannu biyu ta ɗauka. Ya kama hanyar gari a ƙafa, mai kabu-kabu ya bi shi ya ce ya hau, ya ƙi. Ita kuma ta wuni tana raba mutanensa cikin motocin da ke da wuri, har tsohuwar nan da buhunta suka samu shiga.

Da magariba ta aika da tuwo kamar kullum. Akushin ya dawo ko murfin ba a ɗaga ba. Aka kira Tanimu gidan ubansa, ya dawo kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Baba ya ce in zaɓa. Ko shi ko ke."

"Sai ka ce me, Malam?"

"Na ce a ba ni lokaci. Habsu, ki sakar masa motar nan mana. Ai ya ji a jikinsa."

"In na sake ta haka, gobe da wane hannu zan tare Ɗan Kasuwa? Ka ga matan da ke bisa kuwa? Ni ba zan yi yaji ba, ga 'ya'yana nan. In takarda ce, ka iya rubutu, sai ka rubuta da hannunka."

Tanimu bai rubuta ba, bai kuma ce ba zai rubuta ba. Haka suka zauna, tana shara tana girki ba ta san ko gidan nata ne gobe ba.

A wurin aiki ma ba ta samu sauƙi ba. Dattawan tasha suka je wa komiser, shugaban polis na garin, da roƙo. Ya kira ta ya ce, "Wannan magana rabinta ta gida ce. In kin ce a saki motar, a sake ta, ba wanda zai ga laifinki." Ta ce a saki in an sa taya an gyara burki, kamar ta kowa. Ya dube ta, ya ce to ta gaya masa yadda aka yi mota irin wannan ta yi shekaru tana wuce shingensu. Ta gaya masa, ba ta rage nata ba, ba ta rage na kowa ba. Aka ja kunnen duk wanda ke tsayawa a wurin, ita ce ta farko. Abokan aikinta suka daina kiranta cin abincin rana. Ta riƙa cin nata ita kaɗai a kan benci, hakan kuma bai hana abincin wucewa ba.

Ta je ban haƙuri. Ta durƙusa a ƙofar zaure, uwar mijinta Hamsatu ta tsaya tsakani. "Inna, ki ce wa Baba na kunyata shi a gaban mutane, ya yafe mini wannan. Motar kuwa sai an gyara."

Daga ciki Aisami ya ce, "Hamsatu, tambaye ta, wannan ban haƙuri ne ko sammaci?"

Ta tashi ta koma gida. Tuwo bai fasa zuwa ba, bai kuma fasa dawowa ba. Hamsatu ta ce mata ta daina ɓarnar hatsi. Ta ce ba ɓarna ba ce, yara na cin ɗumame da safe.

Wanda ya kwance abin shi ne wanda ya ƙulla shi, kuma ba da niyya ba. Hamsatu ce ta kawo wa Habsu labarin. Aisami na zaune a tasha ba aikin yi, Ɗan Kasuwa ya zo yi masa jaje, ya ce, "Kawu, ai irin wannan ba a ajiye ta a gida. Ka sa Tanimu ya kore ta, mara kunya, mara tarbiyya."

Aisami ya ɗago. "Wa kake zagi?"

"Wadda ta wulaƙanta ka mana."

"Kai, rufe mini baki. A kan kwalta ta durƙusa mini, da kayan gwamnati a jikinta, ko fuskata ba ta duba ba. Kai 'yar cikinka ta taɓa durƙusa maka ko a kan tabarma? Motata ta kama, ba ta zage ni ba. Ni kaɗai ke da ikon fushi da ita. Je ka canza tayarka."

Bayan ya faɗi wannan a gaban direbobi, ba shi da hanyar komawa baya. Ya sayar da ragon da yake kiwo, aka sa tayu, makanike ya kwanta ƙarƙashin motar ya gyara burki, aka ba shi makullinsa.

Ranar kasuwa ya doso shinge, ya tsaya cak tun kafin ya kai igiya. Ya miƙo takardu ta taga wajen Hassane. "Ka ce mata ta duba da kyau."

Habsu ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi ta zagaya motar, ta danna kowace taya da takalminta. Sannan ta ce, "Hassane, ka ce wa Baba samarin nan biyu da ke bisa buhuna su sauko."

Aisami ya yi tsaki mai tsawo. Samarin suka sauko, aka sauke igiya.

Da magaribar ranar akushin ya dawo a wanke, cike da dabinon Gidigir. Hamsatu ce ta kawo shi da kanta. Ta ce Baba ya ce gishirin miyar ya yi kaɗan. Tanimu ya ɗauki dabino ya ci, maganar zaɓi kuwa ba a ƙara tayar da ita ba.

Aisami bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma kada kowa ya jira ya faɗa. Yanzu ido ya hana shi tuƙi, a tasha yake wuni. In wani saurayin direba ya zo yana ƙarar Habsu ta tsare shi, sai tsohon ya ce, "Ni da nake cin tuwonta ta ƙwace mini makulli. Kai wane ne?"

Ita ce babba a shingen yanzu. Duk sabon polis da aka turo mata, abu na farko da take tambayarsa shi ne ko yana da ɗan'uwa mai mota a wannan hanya. In ya ce yana da shi, sai ta ce to ranar da ya zo, shi zai tsaya a bakin igiya, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya nemi takardunsa. Sunan surukinta kuwa har yau bai fito daga bakinta ba.