Katin da ke ɗauke da muryar yayata

'Yata ta biyu kiɗa take yi a Ankara, irin wanda ba a rawa da shi. Takan ɗauki ƙarar gari da muryoyin mata da goge, ta ja su a kwamfuta har su koma gunji ɗaya mai tsawo. Ni da ban wuce aji biyu ba, na tambaye ta ko injin niƙa ne ya lalace. Ta ce a'a Baba, waƙa ce.

Da ta zo ɗaukar sauti, ni na zama ɗan rakiya. A Salaga ta zura abin ɗaukar magana cikin tsohuwar rijiya, sannan ta tara matan unguwarmu suka yi begen Annabi, yayata ce ke ba da waƙa. A Yendi ta sa ni jan goge. Na gyara zama zan nuna gwaninta, ta ce tsirkiya ɗaya, murya ɗaya, kada in motsa yatsa. Mutum ya tsufa yana fama da goge, ashe abin da ya iya ke nan.

Muna Yendi aka bugo waya yayata ta rasu. Muka koma, aka yi zaman makoki, sannan muka nufi Bawku. Muryarta tana cikin wani kati ƙarami kamar farce, ba a kwafe ta ko'ina ba.

A kasuwar shanu ta Bawku 'yata ta ɗaga sandar ɗaukar sautinta mai gashi a kai, tana son kukan shanu. Na san garin, na san lokacin ana zaman ɗar-ɗar, ba a cika son baƙo ya tsaya yana sauraron wa ya ce me ba. Ina can ina taya wani bijimi da ba zan saya ba, na juyo na ga an kewaye ta. Ba mai ɗaga murya. Na bar bijimin na nufo su.

Wani dattijon dillali ya miƙa hannu. "Hajiya, kawo katin."

Ta ce masa, "Baba, shanu nake ɗauka."

"Shanu da masu shanu. Maganar da aka yi a nan, in ta fita, wani ba zai kwana gidansa ba."

Na kutsa na ce 'yata ce. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai tayin nan da aljihu ba komai?"

"Ni ne, Alhaji. Amma akwai mamaciya a katin."

Wani matashi ya ce a karya katin kawai. 'Yata ta ce a bari su ji abin da take yi da murya tukuna. Ta sa wa dattijon abin kunne, ta kunna wanda ta haɗa a hanya: rijiya, gogena, da matan Salaga an ja su har ba kalma ko ɗaya.

Ya tsaya, idonsa a ƙasa. Mu ba ma jin komai, fuskarsa kawai muke karantawa. Wata saniya ta yi fitsari kusa da ƙafata, ban matsa ba.

Da ya cire ya ce, "Haka garin nan yake yi a kunne in an rufe shaguna ana jira." Sai ya ce amma na yau ba a ja shi ba tukuna, kalmominsa suna nan.

Ta nuna masa a fuskar na'urar, ta goge na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, matashin yana leƙe ta kafaɗarta. Da yatsanta ya iso kan na Salaga, dattijon ya riƙe hannun rigarta.

"Wannan ba namu ba ne. Allah ya jiƙanta."

Aka buɗe mana hanya. Muka shiga mota ta kama hanyar Bolgatanga, katin yana ɗaure a bakin mayafin 'yata.