Yadda Na Kai Injiniya Kan Tudu

Wurno

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na hau kabu-kabu daga ƙauyenmu na gefen Tursa. Mai gari ne ya aike ni in tarbo Injiniya Hadiza. Kamfaninsu zai kafa eriya mai aiki da sola guda ɗaya tak, ko a garinmu ko a garin taubashina Garba, kusa da Taloka. Mu wayoyinmu neman sabis ke cinye musu caji, masu sayen albasa su yi ta kira su rasa mu.

Takwas saura na same ta a tasha tana shan koko. Ta ce garin Garba za mu fara zuwa. Raina bai so ba.

Goronyo

Shingen bincike biyu muka wuce, sha ɗaya muka isa. Garba ya tarbe mu da babbar riga da kwaryar fura, ya yi ta zagawa da ita lungu-lungu har bayan rumbuna. Wayarta ta awo ba ta kama ko sanda ɗaya ta sabis ba, amma sai "Sannu Baba Garba" take yi tana rubutu. Ni ko kallo ban samu ba.

Ya matso kunnena ya ce, "Taubashi, mi za ka nuna mata can? Ku ko rediyo ba ta son garinku."

Kishi ya hana ni shan furar. A Goronyo muka kwana.

Rabah zuwa gida

Washegari da hantsi muka sauka Rabah, muka ɗauki babur. Na ƙudurta ba za a raina garinmu ba. Ban shiga da ita cikin gari ba, na wuce da ita kan tudun bayan makaranta, inda nan kaɗai sabis ke kamawa. Sanda huɗu cur!

Ta ce, "Baba, haka sabis ɗinku yake?"

Na ce, "Haka shike, Injiniya. Mu ba awa su Garba muke ba."

Ta rubuta. Sai da na maida ta Rabah za ta hau mota ta ce, "Eriyar inda wayoyi suka fi wahala ake kai ta. Ku kam alhamdulillahi."

La'asar na shiga gida, na gode wa Allah da ya maido ni lafiya. Na je na yi wa mai gari bayani. Bayan sati biyu aka kafa eriyar a garinsu Garba, ya aiko mini da zakara, wai in ci, ya gode.