Takunkumin Ɗan Duƙushi: Ga Malamina, Baba A-Gwada

Ranar Talata, tara ga watan nan, ina ɗakin gwaji ina wanke kwalabe, babban ɗanka ya kira ni. Ya ce, "Baba ya rasu ɗazu, bayan azahar." Na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ciwon zuciya ne, wanda ka daɗe kana ɓoye mana. Na zauna a kan kujerarka mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda ka hana a gyara.

Baba Likita, mu ɗalibanka A-Gwada muke kiranka a bayan idonka, kuma na san ka sani. Duk wanda ya zo da jakar jini yana sauri, amsarka ɗaya ce: "A gwada tukuna." A wurinka na koyi cewa kare yakan karɓi ƙarin jini na farko lafiya ko da rukunin bai dace ba, na biyun ne ke iya kashe shi. Kyanwa kuwa ko na farkon ba ta ɗauka. Ka koya mana cewa jinin doki tsari bakwai ne, kowanne da rassansa, don haka babu dokin da za a kalla da ido a ce jininsa zai yi.

Ni mai fargaba ce. Sai na duba gwaji sau uku kafin in yarda da idona, abokan karatuna suna yi mini dariya. Wata rana ka tarar da ni ina kuka a bayan firij don na ɓata samfur. Ka miƙo mini wata kwalbar, ka ce, "'Yata, tsoron nan naki kayan aiki ne, kada ki bari su raba ki da shi. Amma kuka ba ya cikin kayan aiki." Bana na gama karatu, kai ka ɗauke ni aiki, kai ka saya mini farar rigata ta farko, wadda ta yi mini yawa har yau.

Na so ta'aziyyar nan ta tsaya a kan alherinka kawai. Abin da ya faru a gidanka ranar da muka je gaisuwa ya hana.

Wani mai barga, wanda ka yi wa dawakinsa hidima shekara da shekaru, ya shigo ya gaida Mama, matarka, da 'ya'yanka. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Allah ya jiƙan Likita. Ɗan duƙushina da ya kashe da yunwa, na yafe masa duniya da lahira." Wasu suka ce ya kyauta. Na so in tanka masa. Gidan makoki ba wurin gardama ba ne, sai na haɗiye. Da ya fita, Mama ta kama hannuna, ta ce, "'Yar nan, ke kina wurin. Da gaske ne?"

Mama, ga amsar, yadda na gani da idona.

Bara, ina ɗaliba, goɗiyar mutumin nan tana da cikinta na uku. Ɗanta na biyu ya mutu yana ɗan kwanaki, idanunsa sun yi rawaya. Saboda haka kafin ta haihu Baba ya ɗebi jininta ya haɗa da na ingarman da ya hau ta. Ni na riƙe gilashin gwajin. Jinin ya dunƙule ɓaro-ɓaro. Ma'anarsa, jikin uwar ya riga ya haɗa makamin yaƙi da rukunin jinin uban, kuma idan ɗan ya gado rukunin uban, makamin zai bi dakashi, wato nonon farko, ya shiga jikinsa ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Da ta haihu muka gwada dakashin da jinin ɗan, nan ma ya dunƙule.

Maganin abin sananne ne. A sa wa ɗan takunkumi ya kwana ya wuni bai kama nonon uwarsa ba, har hanjinsa ya daina tsotsar wannan makami, ita kuma a riƙa tatse ta ana zubarwa. Ba a bar shi da yunwa ba. Dakashin wata goɗiyar muka ba shi a kwalba, ni na ba shi, ya sha har yana ture ni da kai. Takunkumin ma Baba ne ya ɗinka shi da hannunsa, ya sa masa laushin auduga don kada ya goge masa hanci.

Da rana aka kira mu wata gona. Kafin mu dawo, mai bargar ya ga uwa tana haniniya, ɗa yana zagaya ta, ya ce wannan mugunta ce, ya sa aka kwance takunkumin. Mai kula da dawakin ya faɗa mana haka a gaban mai bargar, shi kuwa bai musa ba. Kwana biyu, ɗan ya kwanta, dasashinsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma ja.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce sai an ƙara wa ɗan jini, kuma mafi dacewa shi ne ƙwayoyin jinin uwar, bayan an wanke su tas an raba su da ruwan da ke ɗauke da makamin. Ya ja kunnen mai bargar da babbar murya: kada a taɓa jinin uban, domin shi ne ainihin abin da ake yaƙa a jikin ɗan. Muna asibiti muna wankin, mai bargar ya gaji da jira, ya ce jinin uba ai ba ya cutar ɗansa, ya kira wani mai allura ya ɗebi na ingarman ya ɗura masa. Mun iso da jakar jinin a hannuna, muka tarar ɗan yana shure-shuren ƙarshe.

Wannan shi ne abin da aka yafe maka, Baba. Wa ya kamata ya yafe wa wani? Shekara guda ana yawo da maganar nan a bargogi, wasu sun daina kiranka. Na taɓa tambayarka me ya hana ka fito ka wanke kanka. Ka ce, "In na kunyata shi, gobe ba zai kira ni ba. Shi ba abin da zai same shi, dawakin ne za su ji a jikinsu." Saboda wannan maganar ban rubuta sunansa ba. Amma ban yarda jikokinka su tashi suna jin cewa kakansu ya kashe dabba da yunwa ba.

Goɗiyar tana da ciki kuma, na ingarman nan dai, kuma ta kusa. A ƙofar gidanka, bayan ya gama yafiyarsa, mai bargar ya ce mini, "'Yar Likita, yanzu ai ke ce. In ta tashi haihuwa zan aiko." Na ce zan zo, amma sai an gwada tukuna, kuma idan na sa takunkumi, ina nan zaune a gefensa har lokacin kwancewa ya yi. Ya yi dariya, ya ce, "Ashe Likita bai mutu ba." Jiya Mama ta ciro takunkumin daga jakar aikinka ta ba ni. Na wanke shi, na sake masa auduga.

Allah ya jiƙanka, Baba A-Gwada, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Ya saka maka da tausayin da ka nuna wa bayinSa marasa baki, ya ba ka ladan shirun da ka yi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka da jikokinka, da mu ɗalibanka da ka bari da gilashi a hannu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ni kuma ya ba ni ƙarfin zuciyar cewa a'a ranar da za a ce in kwance takunkumin.