Harsashin da Baba Ya Ajiye a Kan Tabarma

Waɗanda suke tsakar gidanmu a wannan yammacin, har yau ban manta ko ɗaya ba. Akwai Kaka Dije, uwar babanmu, a kan 'yar kujerarta kusa da murhu. Akwai Inna tana ɓarar gyaɗa, ƙanwata Ladi ta jingina da ita. Akwai Goggo Adama, Bafillatanar maƙwabciyarmu, wadda ta shigo aron rariya ta ƙi tafiya. Baba Matiyu, tsohon mai bin sawun namun daji, mutumin Poli, an shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar zaure. Yayana Habu yana can gindin bango, inda hasken wuta bai kai ba. Sai babanmu, Isuhu mahauci, wanda ban taɓa ganin ya zauna jin tatsuniya ba sai ranar. Sai ni, ina yarinya, ina kallon fuskar kowa, don tun a lokacin haka nake.

Gidanmu a Garwa gidan fawa ne tun kakanni. Ya Habu kuwa ransa ba ya abatuwa, mayankar gari, yana daji. Baba Matiyu yakan zo sayen nama wa wani sansanin farauta da ke wajen Poli, a nan suka saba. Da mai sansanin ya ce yana neman saurayi ɗaya da zai riƙe bindiga ya tsare baƙi, sai Baba Matiyu ya ja Ya Habu a jiki, ya yi ta koya masa duk damina. Yadda ake zaɓen mutum kuwa, a kafa allo a fili bayan gari, a zana masa da'ira, kowa ya harba. Wanda ya fi, aikin nasa ne.

Bindigar mai gajeren baki ce, da madubi a kanta. Ni ban yi makaranta ba, amma abin da aka faɗa a gabana ba ya zubewa. Na ji Baba Matiyu yana cewa a cikin madubin akwai zane-zane kamar matakan tsani, kowane mataki da nisan da ya dace da shi. Ya ce gajeren baki ba ya tura harsashi da ƙarfin dogo, don haka sun sha wahala kafin su sami wani marar nauyi da ya yarda da zanen. “Wani ma zai shiga bindigar,” in ji shi, “zai yi ƙara, amma madubin bai san shi ba.”

To, Ya Habu ɗan fari ne. Babanmu ba ya kiran sunansa, sai dai “wancan”. Ba sa haɗa ido, ba sa hira. In Baba yana son faɗa masa abu, sai ya faɗa wa iska a inda zai ji. Da farko ya ƙi maganar daji, daga baya zuciyarsa ta sauko, ya rasa yadda zai nuna. Sai ya samo harsashi wurin wani dillalin shanu na Meiganga, irin na harbin ɓauna. Mahauci da hannu yake sanin abu, wanda ya fi nauyi a tafinsa shi ya fi kyau. Ya naɗe su a takardar siminti, ya ajiye a kan tabarmar Ya Habu ranar gwajin. Bai tsaya nan ba. Ya bar teburinsa a hannun wani, ya sa rigar Juma'a, ya je filin ya tsaya a bayan mutane.

Baba Matiyu ya ce ya raɗa wa Ya Habu, “Sa namu, ɗana.” Ya Habu ya waiga, ya ga farar rigar Baba. Sai ya warware takardar siminti. Duk harbin da ya yi, ƙura ce ta tashi a gindin allon. Aka ba wani yaro aikin.

Kafin la'asar labari ya riga su isowa unguwa. Goggo Adama tana shigowa ta ce wa Inna, “Kay, Hajara, an ce yau ƙasar Garwa ta sha harbi. An kai ta lopital wurin likita kuwa?” Ta yi dariya ita kaɗai. Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe mini zane a kasuwa.

Bayan magariba aka ci tuwo shiru. Kaka ta tura itace cikin wuta, ta ce, kamar yadda takan fara kullum, “Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa.”

Ladi ce kaɗai ta amsa: “A shigo da ita.”

Kaka ta ce a wani gari a bakin Binuwai an yi wani kada da ya hana mata ɗiban ruwa. A garin akwai saurayi mai ɗan ƙaramin baka. Maigidansa a harbi ya yi masa tsaga a jikin bakan, ya ce in ya daidaita tsagar da abin da yake so, kibiyar kyauro ba za ta kuskure ba. Uban saurayin maƙeri ne. Da ya ji ɗansa zai fuskanci kada, sai tsoro da ƙauna suka hana shi sukuni. Ya hura wuta, ya ƙera kibiya ta ƙarfe zalla, wadda ba a taɓa ganin mai kyanta ba, ya rataye ta a ƙofar ɗakin yaron. Gari ya taru a bakin kogi. Yaron ya ɗauki kibiyar ubansa, ya ji nauyinta, ya dubi tsagar bakansa, ya dubi ubansa. Ya ja, ya saki. Kibiya ta faɗi cikin taɓo, ko rabin hanya ba ta kai ba. Kada ya buɗe ido ɗaya, ya ce, “Wannan kyakkyawar kibiya, wa aka ƙera wa ita? Don na ga ba wannan bakan ba.” Ya koma barcinsa.

Ladi ta yi dariyar kada, Inna ta mintsine ta. Kaka ta ce, “Baƙuwa ta tafi da ƙafarta.” Ba ta tambaye mu wa ya yi laifi ba, alhali ta saba tambaya.

Sai muryar Baba ta fito, ƙasa-ƙasa, yana kallon wuta, yana tambayar uwarsa.

“Inna, yaron nan na tatsuniya, ya san kibiyar ba za ta kai ba?”

“Ya sani.”

“To me ya hana shi faɗa?”

Kaka ta juyo ta dube shi sosai. “Isuhu, ta wace ƙofa zai faɗa? Ka taɓa buɗe masa ɗaya?”

Goggo Adama ta tuna tana da tukunya a wuta, ta fita ba rariyar. Baba Matiyu ya yi ta gyara takalminsa. Daga gindin bango na ji Ya Habu yana jan hanci, ƙaton saurayi. Baba ya miƙe ya ce zai je masallaci, ko kiran isha ba a yi ba.

Ya Habu bai ƙara taɓa bindiga ba. A abatuwa ya tsufa, a nan ajali ya same shi, kuma kowa ya shaida hannunsa a fawa. Amma duk lokacin da motar sansani ta wuce da kayan baƙi, nakan ga ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ina yarinya, kunyar Ya Habu nake ji, don a rijiya “ƙanwar mai harbin ƙasa” ake kirana. Da na yi hankali sai kunyar ta koma kan Baba, babban mutum da ya tsaya da rigar Juma'a yana kallon kyautarsa tana tona ƙasa. Yanzu da na tsufa, kunyar gidan gaba ɗaya nake ji. Mu ne muke yabon yaro in ya sunkuyar da kai, mu ce ga ɗa mai ladabi. Ba wanda ya yi mugunta a ranar. Uba ya ba da mafi kyawun abin da ya sani, ɗa ya karɓa da hannu biyu, aiki ya tafi.

Yau ina da jika a aikin tsaron gandun daji. Ya taɓa zana mini tsanin madubin bindigarsa a ƙasa da tsinke, yana bayani kamar ban sani ba. Na bar shi ya gama. Ubansa ɗana ne, shi ma ba ya kiran sunansa. Shi ya sa in na ga an nufi ɗakin yaro da ƙunshi, nakan tare hanya in ce a kwance in gani. Suna cewa na cika sa ido. Su faɗa. Ba ni na fara ba.

Washegarin wancan yammacin na tatsuniya, Kaka ta riga kowa fitowa tsakar gida. Ta shiga ɗakin Ya Habu ba sallama, ta tattara sauran harsashin a ƙwarya, ta rufe da faifai. Ta tsaya a zaure har Baba ya fito da wuƙaƙensa zai tafi abatuwa. Ta miƙa masa ƙwaryar.

“Mayar wa mai shanu kayansa,” in ji ta. “Daga yau, in za ka ba wancan abu, ka kawo mini. Ni zan tambaye shi ko ya dace da shi. Ni ba na jin kunyarsa, kai ma ba na jin taka.”

Baba ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa, daidai yadda ɗansa ya karɓi nasa. Kaka ta dawo ciki, ta ɗauki rariya, ta ba ni ta ce in kai wa Goggo Adama, in ce mata ta manta abin da ya kawo ta.