Baƙon da Ya Kusa Raba Ni da Karatu

Shekarun baya, ina lise, wato babbar sakandare, a Tawa, na dawo hutu garinmu Azarori da sabon karatu a kai da baki marar birki. Muna shan fura a bakin gona na kama yi wa mahaifina lacca. Na ce a kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu 'yan mitsil-mitsil, mitokondiri, su ke ƙona abincin da muka ci da taimakon numfashi, mu samu ƙarfi. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Sai na ƙara da cewa malaminmu ya ce asalinsu baƙi ne, ƙwayoyin bakteriya masu zaman kansu, tun zamanin zamanna suka shiga wata ƙwaya suka zauna, tana ci da su suna yi mata aiki.

Ya ajiye ludayi. Na manta da wa nake magana. Gidanmu gidan bori ne a da, shi ya fara salla, kuma ya sha wuya kafin ya raba mu da abin.

Ya ce, "Abu shi shiga jiki shi zamna, a ba shi ci shi ba da ƙarhi? Na san wanga karatu, uwata ta yi shi. Ba ka komawa lakkol."

Ga shi shekara ɗaya ta rage mini a makaranta in rubuta bak, jarrabawar gama sakandare. Kwana uku ba ya ce mini komai sai "miƙo hauya". Rana ta huɗu ya kira ni gindin gawo.

"Abin nan naka, shina son yanka?"

"A'a, Baba."

"In an kaɗa garaya hwa?"

"Ba ya ji."

"Wa yaka hawa?"

"Kowa. Yana jikin liman, yana cikin hatsin ga, har jakinmu."

Ya juya ya daɗe yana kallon jakin, wanda ke ta tuƙar kara ba ruwansa.

"Liman da jaki," in ji shi. "To ba iskoki ba ne, su suna da zaɓe. Wanga bara ne, barance yaz zo. Koma ka karanta shi."

Na zauna daɓas a ƙasa don daɗi. Har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya. Daga baya na yi shekaru ina koyar da darasin nan a ƙauyukan Adar, kuma ban sake fara shi da zancen baƙo ba. Da jaki nake farawa.