Tantin Auta a Bakin Ruwan Giwaye

Ni ban shiga lakwal ba, ban san boko ba. Abin da na sani, a gindin murhun kakata Ayya na ji shi, a Tounouga, bayan magariba, hayaƙin busasshen kifi yana cin idanunmu. Ayya ba ta dariya in tana tatsuniya. Sai ta buga muciya a ƙasa ta ce, "Ga ta ta fito daga daji, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, Ayya."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mace mai ƙyuyar ɗaukar tulu. Tabki ya yi mata nisa, sai ta kwashi murhunta ta kafa a bakinsa, daidai inda namun daji ke sauka da yamma. Giwa ta zo, ta ga wuta, ta koma. Ɓauna ta koma. Gada ta koma da ɗanta. Da gari ya waye, matar ta tarar da laka busasshiya, tabki ya tashi ya bi masu shi. Nan Ayya take nuna mu da muciya: "Safe namu, yamma tasu. Kun ji ko ba ku ji ba?"

Na tsufa a Gaya. Autana ya yi arzikin kamiyo, manyan motocin kaya, wata shekara da rani ya ɗebe mu da jikoki zuwa gandun daji, wai mu kwana a tanti mu ga giwa. Muka isa wani tabki da la'asar. Jagoranmu ya nuna wani tudu can nesa ya ce a sauka can. Auta ya ce a'a, foto ya fi kyau kusa. Aka kafa tanti a kan sawun dabbobi, aka hura wuta, aka kunna rediyo.

Rana na faɗuwa suka fito, giwa da ɗanta ƙarami. Suka tsaya a bakin itatuwa. Ɗan ya nufo ruwa, uwar ta jawo shi da hanci. Ya sake, ta sake jawo shi. Jikokina suna tafi!

Na miƙe. Na ce, "Auta, tashe tantin nan."

Ya ce, "Haba Inna, dabba ce fa. Ta sha gobe."

"Kai da kake kukan nono, gobe na ce maka?"

Ya yi dariya. Na naɗe tabarmata, na ɗauki butata, na kama hanyar tudun nan ni kaɗai cikin ciyawa. Ina jin shi a baya: "Inna! Akwai zaki fa! Inna, don Allah!" Ban waiwaya ba. Wane ɗa ne zai koma Gaya a ce ya bar uwarsa a daji don foto? Suka tuge tantin suna gunaguni, suka kashe wutar, suka biyo ni.

Daga tudun muka ga ɗan giwar ya shiga ruwa har wuya.

Yau ba mai zuwa can. An ce masu bindiga ne zaune a bakin tabkunan, safe da yamma duk nasu. Nakan tuna muciyar Ayya, raina ya ɓaci. Nawa ɗan, tabarma kawai na naɗe ya tashi. Su waɗannan, ina uwayensu?